Rimot ba sana'a ba ce, wurin zama ne

Da wuya sati ya wuce wani bai turo min saƙo ba, kalmomin ma kusan iri ɗaya kamar a wuri guda suke kwafowa: "Yallaɓai don Allah ka koya min aikin rimot." Da can ina zama in zuba dogon bayani har yatsuna su gaji, yanzu kam tambaya ɗaya nake mayarwa, me ka iya? Daga nan sai ka ji tsit, ko kuma bayan awa biyu a dawo maka da "ai komai ma zan iya in dai an nuna min". To nan fa gizo ke saƙar. Wanda ya ce komai zai iya, a kunnen mai ɗaukar aiki cewa ya yi bai iya komai ba.

Ni dai ra'ayina a kan wannan magana, kuma na san ba zai yi wa wasu daɗi ba, babu wata sana'a a duniya mai suna rimot, wato yin aiki daga nesa ta intanet ba tare da zuwa ofis ba. Akwai akanta, akwai mai rubuta manhaja, akwai mai zanen fuskar manhaja, akwai mai fassara, mai tace bidiyo, mai kula da kwastomomi, mai nemo wa kamfani masu saye. Rimot ɗin bayanin inda kujerarka take ne kawai. Kamar mutum ne ya zo ya ce maka a koya masa "aikin bene na uku", ai dole ka tambaye shi me ake yi a benen. Ba wanda zai biya ka don kana zaune a ɗakinka, ana biyanka ne don akwai wani ciwon kai da kake ɗauke wa wani, kuma ya yarda za ka ɗauke ɗin ko ba ya ganinka. Wannan "ko ba ya ganinka" ɗin shi ne duk maganar, zan dawo kansa.

Laifin ba na masu tambayar ba ne su kaɗai. Akwai masu sayar da kwas da suka cika intanet, hoto ɗaya ne da su duka, mutum a bakin teku da laftop a cinya (wanda duk ya taɓa buɗe laftop a cikin rana ya san ko harafi ɗaya ba ka gani, amma bari mu bar wannan), sai sikirinshot na alat ɗin banki da aka goge suna, sai "cikin kwana 30". Abin da suke sayarwa shi ne wurin zaman, don shi ne mai daɗin kallo, sana'ar kuwa wadda sai an yi shekara ana faɗi-tashi ba ta shiga hoto. Kuma ka lura da kyau, da yawansu kuɗin da suke nunawar daga sayar da kwas ɗin ya fito, ba daga aikin da suke cewa za su koya maka ba.

Abin ba sabo ba ne fa. Tun 1973 wani injiniya Ba'amurke, Jack Nilles, ya fara nazarin yadda mutum zai yi aikin ofis ba tare da ya je ofis ba, lokacin ko kwamfutar gida babu. Amma abin da ya sa kowa ya farga shi ne korona. A Disambar 2019 masu shiga mitin a Zoom a rana wajen miliyan 10 ne, zuwa Afrilun 2020 kamfanin ya ce sun kai miliyan 300. Kamfanonin fasaha suka yi ta ɗibar ma'aikata kamar ba gobe, duk wanda ya ɗan iya wani abu ya samu shiga, kuma labaran da ake ba ku yau na "wane ya koyi kaza wata shida ya samu aiki" yawancinsu na wancan lokacin ne. Ƙofar ta ɗan rufo tun tuni. Meta, mai Facebook, ta sallami mutum 11,000 a Nuwambar 2022, Google 12,000 a Janairun 2023, Microsoft 10,000 a watan dai. A Satumbar 2024 shugaban Amazon, Andy Jassy, ya rubuta wa ma'aikata cewa daga farkon 2025 kowa ya dawo ofis kwana biyar a sati. Wannan ma ba a kansa farau ba, Marissa Mayer ta yi haka tun 2013 lokacin tana shugabar Yahoo. Aikin nesa bai mutu ba, ko kusa, sai dai guraben sun ragu masu nema sun ƙaru, kuma cikin masu neman akwai waɗanda suka yi shekara goma a manyan kamfanoni. Da su kake layi ɗaya.

Wani abin da masu kwas ba sa faɗa, ka ga talla an rubuta rimot ɓaro-ɓaro, ka gangara ƙasa sai ka ga an ce sai mazauna ƙasa kaza. Mutane na ɗauka wariya ce kawai. Wani lokacin akwai ta, ban musa ba, amma yawanci maganar doka ce da haraji, kamfani ba zai iya sa ka a jerin albashinsa ba in ba shi da rajista a ƙasar da kake zaune, shi ya sa irin su Deel da Remote suka samu kasuwa, su ne ke ɗaukarka a takarda a madadin kamfanin, kamfanin ya riƙa biyansu ladan hakan duk wata. Ma'ana ɗaukarka daga nesa akwai ƙarin wahala da ƙarin kashe kuɗi a wajensu, sai in sun ga abin da ke hannunka ya kai a sha wannan wahalar.

Ni ta dandalin 'yan aikin kai na fara, irin wanda kwastoma zai sa aiki mutum hamsin su yi ca a kai. Shigar da bayanai nake yi, a turo maka takardu ka kwafe su cikin Excel. Na yi wata da watanni ina rage farashi don in samu, duk yadda na rage kuwa sai an samu wani a wata kusurwar duniya da ya fi ni ragewa. Fiverr, ɗaya daga cikin irin waɗannan dandali, sunansa ma ai daga dala biyar ya samo asali, da haka suka fara a 2010, kuma suna cire kashi 20 cikin ɗari na abin da aka biya ka. A Upwork, wani dandalin irinsa, sai ka kashe wasu maki da ake saye da kuɗi kafin ma ka nemi aikin, a ɗauke ka ko kar a ɗauke ka sun tafi. Ban ce kar a shiga ba. Nan na koyi yadda ake magana da kwastoma, da yadda ake gane wanda zai wahalar da kai tun daga saƙonsa na farko, Juma'ar da za ta yi kyau ai tun Laraba ake gane ta. Makaranta ce mai kyau amma ba gidan zama ba ce. Kuma tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwambar 2022, irin ayyukan da na fara da su, kwafe bayanai, rubuta ɗan bayanin kaya, fassarar da ba a damu da ingancinta ba, su ne na farko da kwastoma ya gane zai iya yi da kansa cikin minti biyu. Duk wanda ke sayar maka da kwas ɗin irin wannan aikin a yau, tikitin jirgin da ya riga ya tashi yake sayar maka.

Abin da ya canza min lissafi ba wani sirri ba ne. Na lura bayanan da nake kwafewa wani ne ke ɗauka ya fitar da rahoto, kuma shi ana biyansa ninkin ba ninkin abin da ake ba ni, don da rahoton nasa ake yanke shawarar inda za a zuba kuɗi. Sai na zauna na koyi SQL, yaren da ake zaƙulo bayanai da shi daga rumbun ajiyarsu, daga baya na ƙara da yadda ake haɗa allon rahoto, dare da rana kusan shekara guda, kuma rabin lokacin ina jin kaina kamar daƙiƙi. Daga nan na fahimci ma'aunin: aiki yana tsada ne gwargwadon kusancinsa da inda kuɗi ke shigowa, ko gwargwadon asarar da za a tafka in an yi kuskure a cikinsa. Shi ya sa mai tsaron bayanai, da mai sayar wa manyan kamfanoni manhaja, da akantan da ya san dokar harajin wata ƙasa ciki da bai, ba sa rigimar farashi da kowa. Kuma ka matse kanka a abu ɗaya. "Ina yin rahoton bayanai" mutum dubu ne ke faɗa, "ina yi wa masu sayar da kaya a intanet rahoton da zai nuna musu wane kaya ne ake yawan dawo musu da shi da dalili" wannan kam mutum zai tsaya ya karanta.

To amma iya aiki rabi ne, kuma da tsada na koyi haka.

Kwantiragi na farko mai ɗan kauri da na samu, wani ƙaramin kamfani ne, matar da nake aiki a ƙarƙashinta tsakaninmu akwai bambancin awa shida. Ta ba ni aiki ranar Litinin ta ce tana so Juma'a. Ranar Talata na ci karo da matsala, alƙaluman tebur biyu sun ƙi daidaita, akwai gibin da na rasa daga ina yake. Maimakon in faɗa mata sai na ce a raina ai abin kunya ne, sabon zuwa da tambaya, bari in warware da kaina in ba ta mamaki. Kwana uku ina fama, barcin kirki ban yi ba, shiru ban ce mata uffan ba. Laraba ta turo "ya ake ciki?" na ce lafiya lau ana kai. Juma'a da dare na tura mata rabin aiki da dogon ban haƙuri. Amsarta layi biyu ce, har yau ina iya tuno ta: gibin sun san da shi, wani tsohon tsari ne da suka daina amfani da shi, da na tambaya ranar Talata da ta faɗa min cikin minti ɗaya. Ba ta yi faɗa ba, ta biya ni cif, ba ta sake kirana ba. Na daɗe ina jin haushinta, sai daga baya na ɗora kaina a kujerarta. A ofis da ta wuce ta bayan kujerata ta ga na dafe kai ta tambaye ni. A nan kuwa ba abin da take gani sai ɗan koren ɗigo kusa da sunana mai nuna ina kan layi. Kwana ukun da na yi ina kashe kaina, a wajenta daidai suke da kwana ukun wanda ya rufe laftop ya tafi yawo.

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo, to a wannan harkar ba zuwa da kai, kai ɗin gaba ɗayanka saƙo ne. Abin da ka rubuta shi ne fuskarka, shi ne gaisuwarka, shi ne shaidar kana nan. Shi ya sa nake cewa duk mai son ya yi nisa a aikin nesa, bayan sana'arsa, ba abin da ya kai rubutu muhimmanci, kuma ba ina nufin turanci mai ƙawa ba. Dubi bambancin nan. Wani zai rubuto "Sannu, kina nan? Ina da tambaya", ya zauna jira, ita tana barci, ta farka ta ce "ina ji", shi kuma ya yi barci, an ci kwana guda ba a faɗi komai ba. Wani kuma zai rubuto sau ɗaya: ga abin da nake yi, ga inda na maƙale, na gwada kaza da kaza ba su yi ba, ina ganin mafita biyu ce, ni na fi karkata ga ta farko saboda kaza, in ban ji daga gare ki ba zuwa gobe da ita zan ci gaba. Na biyun nan ko da bai kai na farko iya aikin ba shi za a riƙe, wallahi na gani da idona ba sau ɗaya ba.

Kamfanonin da suka daɗe a harkar sun san wannan. GitLab ba su da ofis ko ɗaya, ma'aikatansu na warwatse a ƙasashe sama da 60, a haka suka shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a 2021, kuma kundin yadda suke aiki yana nan a buɗe a intanet kowa na iya karantawa, in za a buga shi ya haura shafi 2,000. Duk abin da aka yanke sai an rubuta. Automattic, masu WordPress.com, sun rufe ofishinsu na San Francisco a 2017 don ba mai zuwa, kuma an san su da yin intabiyu ta rubutu, sannan su ba ka aikin gwaji da za su biya ka, su ga yadda kake aiki da yadda kake ba da labarin aikin. Satifiket ɗinka bai dame su ba kamar wannan. Ni da zan ba mai farawa shawara ɗaya kyauta, ya je ya karanta sashen sadarwa na kundin GitLab ɗin nan, ya fi kwas da yawa da ake karɓar kuɗi a kai.

Akwai wani bincike da nake yawan tunawa saboda mutane rabinsa kawai suke ɗauka. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun yi gwaji a Ctrip, wani kamfanin tafiye-tafiye na ƙasar Sin, da ma'aikatan amsa waya, wata tara, aka raba su ta ranar haihuwa wasu gida wasu ofis, aka wallafa sakamakon a 2015. Na gida sun fi ƙoƙari da kashi 13 cikin ɗari, masu ajiye aiki a cikinsu sun ragu da rabi. Wannan shi ne abin da masu tallar rimot ke yaɗawa. Ragowar kuwa, ƙarin girma ya ragu wa na gida da kusan rabi in aka kwatanta da na ofis masu ƙoƙari irin nasu, kuma da aka gama gwajin aka ba su zaɓi, wajen rabinsu suka ce a mayar da su ofis, kaɗaici ya ishe su. Ka fi kowa aiki amma an manta da kai. Don haka wanda ke nesa dole ya koyi abin da da yawanmu muke jin nauyinsa, wato faɗin abin da ka yi. Ba fariya ba, lissafi. Ni duk ƙarshen sati ina tura layi biyar, ga abin da na gama, ga abin da ya rage, ga abin da ke tare min hanya, kuma ina ajiye kwafi, ranar da za a zauna maganar ƙarin kuɗi ba sai na tsaya kame-kame ba.

Maganar kuɗin ma akwai tarko. Kamfanoni ba su da baki ɗaya a kai. GitLab suna biya ne gwargwadon inda kake zaune, Mark Zuckerberg na Facebook ma ya faɗa tun Mayun 2020 cewa ma'aikacinsu da ya ƙaura za a daidaita masa albashi da sabon wurinsa, su kuwa Basecamp a ƙarshen 2017 suka sanar kowa za a biya shi da ma'aunin San Francisco ko ina yake. Ni ina bayan na ƙarshen, aikin da na yi ba ya rage daraja don an yi shi a wani gari, amma ba ni ke rabon ba, abin da ke hannuna shi ne in san da wane iri nake magana kafin in buɗe baki. Buffer suna wallafa albashin ma'aikatansu a fili tun 2013, irin waɗannan wuraren ne mutum zai leƙa ya san kasuwa. Kuskuren da kusan kowa ke yi a karon farko, har da ni, a faɗa maka adadi ka yi maza ka juya shi zuwa kuɗin ƙasarku a zuci, ka ga ya yi yawa, ka ce na yarda tun ba a rufe baki ba. Ba ka cire haraji ba, wanda in ɗan kwantiragi ne kai to a wuyanka yake. Ba fansho, ba inshorar lafiya, ranar da ka kwanta ciwo ba a biya, laftop naka, intanet naka, masu turo maka kuɗin irin su Payoneer ko Wise su cire nasu, sannan akwai watannin da za ka zauna ba aiki, kuma suna zuwa, ba sa sallama. In ka haɗa duk wannan sai ka ga adadin ya koma daidai girmansa. Kuma kar ka yarda kwastoma ɗaya ya zama shi ne duk abin da kake samu, imel ɗaya ya isa ya raba ku.

'Yan damfara ba sai na daɗe a kansu ba. Duk aikin da aka ce ka fara biyan kuɗin rajista ko na kayan aiki, ko aka ɗauke ka ba intabiyu ba gwaji, ko aka ce ka riƙa danna layik ana biyanka amma sai ka fara zuba naka, ka gudu. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Inda na san za a fi yi min ca shi ne nan: in kai sabon shiga ne kuma ka samu damar zama a ofis tare da waɗanda suka fi ka, ka karɓa, ko shekara ɗaya ko biyu, ko da kuɗin bai kai ba. Za a ce ai ga wane bai taɓa shiga ofis ba kuma ya yi nisa. Haka ne, akwai su, kuma akwai wanda ba shi da wannan zaɓin sam, mai lalurar da ke hana shi fita, ko uwa mai ƙananan yara, ko wanda inda yake babu kamfanin da ke irin aikinsa, su kam aikin nesa rahama ne kuma ba zan raina shi ba. Amma akwai ilimin da ba a rubuta shi a ko'ina, yadda babba ke amsa wayar kwastoman da ya fusata, yadda ake cewa a'a a mitin ba a ɓata da kowa ba, wannan da kunne ake ɗaukarsa kana gefe kana yin kamar aikinka kake. Wanda ya fara daga ɗaki shi kaɗai sai ya nemo madadin wannan da gangan, ya shiga aikin manhajar da ake ginawa a buɗe inda manya za su duba aikinsa su yi masa gyara, ko ya liƙe wa wani da ya riga shi. In ba haka ba sai ya shekara biyar yana maimaita shekarar farko.

Sai gajiya, wadda ba ta fitowa a sikirinshot. In ofishinka a ɗakin barcinka yake ba ka tashi daga aiki, wayar na ƙara ƙarfe ɗayan dare don a can rana ce tsaka. Faransa ta sa dokar 'yancin kashe waya bayan lokacin aiki tun 2017, amma ɗan kwantiragin da ke wata nahiya ba dokar da ta san da zamansa, shi zai gina wa kansa katanga. Ni sai da na kai ina amsa saƙo ido rabi a rufe, na tura wa wani kwastoma fayil ɗin wani, kafin na koyi rubuta awannin aikina a cikin yarjejeniya tun ranar farko. Abin mamaki ba wanda ya taɓa fasa ɗaukata saboda haka.

Kwanakin baya wata yarinya ta turo min irin saƙon nan, na mayar mata da tambayata na ci gaba da harkokina, na ɗauka shi ke nan. Bayan sati biyu sai ga ta ta dawo, ta ce Excel ta iya, ba sosai ba, ta ɗauko wasu bayanai da ake bayarwa kyauta a intanet ta gyara su ta fitar da ɗan rahoto, ga fayil ɗin. A ƙasa ta ƙara layi uku, ta ce akwai shafi ɗaya da kwanan watan ya ƙi jeruwa, ta gwada hanya biyu ba su yi ba, tana zargin an cakuɗa tsarin rubuta wata da rana ne amma ba ta tabbata ba, in duba mata in na samu lokaci, kafin nan za ta ci gaba da sauran. Zarginta daidai ne, rabin layukan da wata suka fara rabi da rana. Na tura mata yadda ake raba su, na haɗa mata da darasin SQL na farko.